Rokokin gajeren zango: Makamin da 'yan ci-ranin Adar suka fara sani a Libiya ya ƙaraso Sahel

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Birnin Ƙonni ta nufi Madawa, zai wuce Malbaza da kamfanin simintinta, sannan ya shiga ƙasar Dogarawa, inda fadamar Maggiya ke shayar da garaken albasar Galmi da ta yi suna har Abijan da Akara. Abu biyu ne yankin ya saba fitarwa waje: buhunan albasa da samari majiya ƙarfi. Da zarar an kawar da amfanin gona, matasa kan ɗaura jaka su tafi biɗa, wasu Najeriya, wasu Kwaddibuwa, da yawa kuma su hau hanyar Agadas zuwa Libiya.

A shekarar 2011 wannan hanya ta juya da baya. Yaƙin da ya kawar da Mu'ammar Gaddafi ya koro dubban ma'aikata zuwa gida hannu rabbana. Wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya da ya fito a Janairun 2012 ya ambato ƙiyasin gwamnatin Nijar cewa mutum kusan 200,000 ne suka dawo ƙasar, kuma jihar Tawa na cikin waɗanda suka fi karɓar masu dawowar. Sun dawo da labarin asarar kuɗin aiki da na wahalar hamada. Sun kuma dawo da wata sabuwar kalma da suka koya ƙarƙashin luguden wuta: Grad.

Dogarawa ba fagen daga ba ce. Amma makamin da 'ya'yanta suka ji ƙararsa a Misrata da Tarabulus ya riga ya yi ɓarna a Kidal da Tumbuktu da Maiduguri, kuma 'yan'uwansu na ci gaba da zama a biranen da ake harba shi.

Abin da ya faru a Misrata

Misrata ce birni na uku mafi girma a Libiya, mai tashar jiragen ruwa da masana'antar ƙarafa, abin da ya sa baƙi 'yan Afirka ta Yamma suka cika ta. Da dakarun Gaddafi suka yi mata ƙawanya a 2011, dubban baƙin nan, ciki har da 'yan Nijar masu yawa, sun tattaru a kusa da tashar ruwa cikin tantuna da rumfunan leda suna jiran jirgin da zai kwashe su.

Ranar 14 ga Afrilun shekarar, rokoki suka sauka a unguwar Ƙasar Ahmad da ke daf da tashar. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch ta tattara bayanan cewa wasu daga cikin waɗanda suka mutu suna tsaye ne a layin sayen burodi. A farkon watan Mayu kuma, lokacin da jirgin Red Star One da Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ta ɗauko haya ya samu ya shiga tashar, rokoki sun faɗa sansanin baƙin da ke jiran sa, suka kashe mutane, har da ƙananan yara.

Shekara takwas bayan nan abin ya maimaitu a babban birnin ƙasar. Janar Khalifa Haftar ya ƙaddamar da farmaki kan Tarabulus ranar 4 ga Afrilun 2019. Cikin daren 16 ga watan, rokokin Grad suka afka wa unguwar Abu Salim mai cunkoson jama'a, inda baƙi da dama ke haya. Filin jirgin saman Mitiga ma ya sha irin wannan ruwan wuta har zuwa 2020, ana buɗe shi ana rufewa.

Wane irin makami ne wannan?

A bakin jama'a da kafafen labarai, kalmar roka kan haɗa makamai daban-daban. Akwai RPG, wadda mutum ɗaya ke saɓawa a kafaɗa, ya hango mota ko gini a tazarar 'yan ɗaruruwan mitoci ya harba. Ita ce ake yawan gani a hotunan 'yan bindigar dajin Zamfara da Sakkwato. Akwai kuma makami mai linzami, wanda na'ura ke jan ragamarsa har inda aka nufa. Rokar atilare tana tsakanin waɗannan biyun: tana tafiya kilomitoci masu yawa, amma babu abin da ke gyara mata hanya bayan ta bar bututu. Mai harbi ba ya ganin inda za ta sauka. Yana ɗaga bakin bututun ne gwargwadon lissafi, ya saki wuta, saura kuma ya rage ga iska da zafin rana da lafiyar albarushin da ke cikinta.

Sojojin Tarayyar Sobiyet sun fito da wannan dabara fili a Yaƙin Duniya na Biyu. A Yulin 1941 suka harba rokokin da aka yi wa laƙabi da Katyusha kan dakarun Jamus a garin Orsha. Magajiyarta, BM-21 Grad, ta shiga aiki a 1963. Ma'anar Grad a harshen Rashanci ita ce ƙanƙarar da ke zubowa tare da ruwan sama, kuma duk manomin da ƙanƙara ta taɓa kwantar masa da gero ya san dalilin sunan.

Babbar mota ce mai ƙafa shida, an ɗora mata bututu 40 a baya. Kaurin kowace roka milimita 122 ne, tsawonta ya kusa mita uku, nauyinta kuma kilo 66 ne, wato ta fi buhun siminti. Kusan kilo 18 na wannan nauyi shi ne kan da ke fashewa ya watsa gutsattsarin ƙarfe. Motar na iya amayar da duka 40 ɗin cikin daƙiƙa 20, zuwa nisan kusan kilomita 20. Wannan nisa ya zarce tazarar da ke tsakanin Birnin Ƙonni da Illelar jihar Sakkwato nesa ba kusa ba. Kafin rokar ƙarshe ta taɓa ƙasa, direba ya riga ya tayar da mota.

An ƙera Grad ne domin ta share fili, ta yadda rundunar da ta bazu a dajin Turai ba za ta samu wurin fakewa ba. Idan aka harba ta zuwa iyakar zangonta, rokokin kan warwatsu a sararin da ya kai filayen ƙwallo da dama. A fagen daga wannan shi ne amfaninta. A unguwar da gidaje ke jingine da juna kuwa, ma'anarsa ita ce wanda ya auna bariki zai samu kasuwa da makaranta da masallaci.

Ƙanwarta da ta fi yawo a hannun ƙungiyoyi ita ce roka mai milimita 107 ƙirar China, wadda ake kira Type 63. Bututunta 12 ne, tana kai wa kusan kilomita takwas, kuma nauyin roka ɗaya bai kai kilo 20 ba, don haka mutum ɗaya na iya ɗaukar ta. 'Yan tawayen Libiya sun ƙara da nasu salon: sun riƙa kwance tukwanen rokoki daga jikin jiragen yaƙi suna yi musu walda a bayan motocin a-kori-kura. Wannan ya ƙara wa makamin rashin saiti.

Yadda suka gangaro kudu

Gaddafi ya shafe shekara 42 yana tara makamai. Da gwamnatinsa ta rushe, rumbunan da ke Sabha da Jufra da sauran wurare suka zama na wanda ya riga isa. Nijar ta ga alama tun da wuri. A Yunin 2011 sojojinta suka yi arangama da wani ayari a arewacin Arlit, suka kama fiye da kilo 600 na nakiyar Semtex. A Oktoban 2014 sojojin Faransa suka tare wani ayarin a arewacin ƙasar ɗauke da kusan tan uku na makamai da aka nufi Mali da su. Mashigin Salvador, inda iyakokin Nijar da Libiya da Aljeriya suka haɗu, ya zama sananne a rahotannin tsaro saboda wannan safara.

Libiya ba ita kaɗai ce rijiyar ba. Masu bin diddigin makamai sun nuna cewa kaso mai yawa na abin da ke hannun ƙungiyoyin Sahel daga barikokin sojojin yankin aka kwashe shi. A 2012, da garuruwan Kidal da Gao da Tumbuktu suka faɗa hannun 'yan tawaye, kayan yaƙin sojojin Mali, har da rokoki masu milimita 122, sun koma hannunsu. Ko babu motar harbawa, sukan jingina roka a kan ƙarfen da aka lanƙwasa, su bar ta ta tashi, su kuma su ɓace.

Sansanonin dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya a Mali, inda sojojin Nijar ma suka yi aiki, sun ɗanɗana. Ranar 28 ga Nuwamban 2015 rokoki suka sauka a sansanin Kidal da asuba, suka kashe sojojin Gini biyu da wani ma'aikacin farar hula. Ranar 14 ga Afrilun 2018 maharan da suka afka wa sansanin filin jirgin Tumbuktu sun fara ne da harbin rokoki, kafin motoci masu bam su biyo baya. A 2023 kuma, lokacin da ƙungiyar JNIM ta datse hanyoyin shiga Tumbuktu, an riƙa jefa makaman cikin garin kansa.

A Nijar ma an ga salon fara ruwan wuta daga nesa kafin a kutsa. Haka aka yi a Inates ranar 10 ga Disamban 2019, inda sojoji 71 suka kwanta dama. Jihar Tawa ta sha nata raɗaɗin: sojoji 22 aka kashe a Tazalit a Oktoban 2016, sannan fararen hula 137 a ƙauyukan Tiliya ranar 21 ga Maris na 2021. Da bindigogi da babura aka yi kisan Tiliya, amma ƙungiyoyin da ke yawo a wannan yanki su ne dai ke riƙe da rokokin da ake harbawa a tsallaken iyakar Mali.

Darasin Gwange

Ga mai jin Hausa, babu misalin da ya fi kusa kamar Maiduguri. Sojoji sun kewaye birnin da ganuwar rami da shingaye, abin da ya sa shigar mayaƙa da ƙafa ko da mota ya yi wuya. Sai maharan suka koma harbi ta saman ganuwar.

Da yammacin Talata 23 ga Fabrairun 2021, rokoki suka faɗa unguwannin Gwange da Adamkolo. Gwamna Babagana Umara Zulum, bayan ya zaga asibitoci, ya sanar da mutuwar mutum 10 da jikkatar 47. Daga baya adadin mamatan ya kai 16. Cikinsu akwai yara tara da ke buga ƙwallo a wani fili a Gwange. Ɓangaren Abubakar Shekau na Boko Haram ya ɗauki alhakin harin. Ranar 23 ga Disamban shekarar kuma, jim kaɗan kafin jirgin Shugaba Muhammadu Buhari ya sauka a birnin, wasu rokokin suka faɗa unguwannin da ke kewaye da filin jirgin sama, suka kashe mazauna gidaje.

Hare-haren biyu ba su ci ko taku ɗaya na ƙasa ba, ba su kuma karya wata runduna ba. Abin da suka cim ma shi ne sanya wa birni mai miliyoyin mutane fargaba, da nuna cewa ramin da aka haƙa ba ya tare abin da ke zuwa ta sama. Wannan shi ne dalilin da ya sa ƙungiyoyi marasa jirgin yaƙi ke son roka: tana da arha, ana iya ɓoye ta, kuma mai harba ta ba ya fuskantar abokin gaba ido da ido.

Tsadar kariya

Manyan yaƙe-yaƙen wannan zamani sun nuna cewa tsohon makamin bai yi ritaya ba. A yaƙin kwana 34 na 2006, Hizbullah ta harba rokoki kusan 4,000 zuwa arewacin Isra'ila. Martanin Isra'ila shi ne garkuwar Iron Dome da ta fara aiki a 2011, wadda ke hango roka da na'urar rada ta kakkaɓo ta a sama. Sai dai kowane harbi na kakkaɓowa yana cin dubban daloli masu yawa, alhali rokar da ake tarewa ba ta kai ko kusa da wannan kuɗi ba. Babu ƙasar Sahel da ke da irin wannan garkuwa a kan garuruwanta.

A Yukiren, ɓangarorin biyu duk sun gaji Grad daga Tarayyar Sobiyet. Ranar 24 ga Janairun 2015 rokoki suka faɗa wata unguwa a gabashin Mariupol, suka kashe kusan mutum 30. A 2022, ɗaliban Najeriya da ke karatu a Kharkiv da Sumy sun kwana a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa saboda luguden wuta kafin a samu fitar da su. A Yunin shekarar Amurka ta fara bai wa Yukiren HIMARS, wadda rokokinta ke bin saitin tauraron ɗan'adam zuwa nisan kilomita 70 ko fiye. Irin wannan roka mai ido tana hannun ƙasashe masu kuɗi ne. Abin da ke yawo a Afirka shi ne tsohon samfuri makaho.

Sudan, mai ɗimbin Hausawa a Khartoum da Darfur da yankin Blue Nile, ita ce shaida ta baya-bayan nan. Tun da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilun 2023, kasuwanni da sansanonin 'yan gudun hijira ke shan luguden atilare. Wanda aka yi wa kasuwar Sabrin ta Omdurman ranar 1 ga Fabrairun 2025 ya kashe fiye da mutum 50 a yini guda.

Agustan da aka auna arziki

Akwai lokacin da wannan magana ta zo daf da ƙofar Ƙonni. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, ƙungiyar ECOWAS ta ba sojoji wa'adin mako guda su mayar da Shugaba Mohamed Bazoum, sannan a taron Abuja na 10 ga Agusta ta ba da umarnin a shirya rundunar ko-ta-kwana. Aka rufe iyaka, motocin albasa da na sauran kaya suka yi cirko-cirko tsakanin Illela da Ƙonni.

Rundunonin ƙasashen yankin da dama, ciki har da Najeriya da Mali da Chadi, suna da motocin harba rokoki masu milimita 122. Da an gwabza, garuruwan bakin iyaka ne za su fara shiga zangon harbi, kuma mutanen ɓangarorin biyu dangi ne na jini da aure da kasuwa ɗaya. Sanatocin arewacin Najeriya sun fito fili sun ƙi amincewa da yaƙi. Tsohon shugaba Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar sun je Yamai, haka ma tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau. Ba a yi yaƙin ba, kuma a Maris na 2024 aka sake buɗe iyakar.

Barazanar da ta rage ta ƙungiyoyi ce. A Nuwamban 2024 hedikwatar tsaron Najeriya ta sanar da ɓullar Lakurawa a ƙananan hukumomin Tangaza da Gudu na jihar Sakkwato, waɗanda ke kan iyakar Nijar. Gabas da can kuma, Sabon Birni da Isa sun daɗe a hannun 'yan fashin daji. Ƙasar Dogarawa na zaune ne tsakanin wannan wuta ta kudu da ta Tiliya a arewa.

Me doka ta ce?

Babu yarjejeniyar da ta haramta Grad kanta. Amma ƙarin yarjejeniyar Geneva na farko, na shekarar 1977, wanda Nijar da Najeriya duk suka amince da shi, ya hana harin kan-mai-uwa-da-wabi, wato amfani da makamin da ba a iya saita shi kan abin da ya shafi soja kaɗai. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ƙasa da ƙasa ta daɗe tana kiran a daina harba manyan makamai masu faɗin ɓarna a cikin garuruwa. Ƙididdigar da ƙungiyar Action on Armed Violence ta yi na tsawon shekaru ta nuna cewa idan aka yi amfani da makamai masu fashewa a wurin da jama'a ke zaune, kusan tara cikin goma na waɗanda abin ke shafa fararen hula ne. Wannan ya kai ga sanarwar Dublin ta 18 ga Nuwamban 2022, inda ƙasashe 83 suka yi alkawarin taƙaita hakan. Alkawari ne na siyasa, babu kotun da ke tilasta shi, kuma ƙungiyoyin daji ba su cikin masu sa hannu.

Wadda ba ta fashe ba

Ba kowace roka ke tashi idan ta faɗi ba, musamman tsohuwar da ta shekara da shekaru a rumbu cikin zafin hamada, ko wadda ta nutse a rairayi. Tana iya kwanciya a gona shekaru, sai ranar da garma ko hauya ta taɓa ta. A arewa maso gabashin Najeriya an sha rasa yara da masu sana'ar jari-bola da suka tsinci irin waɗannan ƙarafa suka ɗauka abin sayarwa ne a kan sikeli.

Shawarar masu aikin kwance nakiyoyi ba ta da tsawo: kada a taɓa, kada a jefe ta da dutse, kada a kai ta maƙera ko a sa mata wuta. A nisanta, a hana yara da dabbobi zuwa wurin, a sanar da mai gari ko jandarmomi. A Nijar, hukumar CNCCAI da aka kafa a 1994 ita ce ke da alhakin tattara haramtattun makamai da kula da aikin share nakiyoyi.

Ga waɗanda ke zaune a biranen da ake harbi kuwa, ma'aikatan agaji kan ce da jin fashewar farko mutum ya kwanta ƙasa, ya nisanci taga, ya nemi ɗakin da ke can ciki a hawa na ƙasa. Rufin kwano da ginin da ba a gama ba, irin waɗanda leburori ke kwana a ciki, ba sa tare gutsattsarin ƙarfe. Kada kuma a ruga kallo, domin rokar atilare ba ta cika zuwa ita kaɗai ba.

Wannan shawara tana da masu buƙatar ta. A Nuwamban 2023 gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta soke dokar 2015 da ta haramta safarar baƙin haure, motocin Agadas suka koma ɗaukar fasinja a fili zuwa Dirku da Sabha. A Mayun 2025 kuma aka sake gwabza faɗa da manyan makamai a tsakiyar Tarabulus, bayan kashe madugun mayaƙan Abu Salim, Abdel Ghani al-Kikli. A unguwannin da aka yi wannan faɗa akwai magina da masu gadi da masu wankin mota daga Adar, waɗanda kuɗin da suke turowa gida ke sayen irin albasa da man injin ban-ruwa idan lokacin aikin garka ya zo.